Ruwan Kwari

Shekwolo bai yi sallama ba. Ya shigo zauren da robar ruwa a hannu, ya dire ta a kan tabarma gaban mai unguwa Garba, har shayi ya fantsala daga kofi.

"Sha."

Garba ya dubi robar. Ruwan ciki ja-ja ne, kamar an wanke sabuwar tukunya da shi, laka ta kwanta a gindi. Ya ɗago ya dubi mutumin. Shekara arba'in da ɗoriya suna gari ɗaya, Shekwolo na noman doya a kwari, shi yana riƙe da unguwa a tudu. Bai taɓa tako masa tabarma da takalmi ba sai yau.

"Da sanyin safiyar nan? Ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwa yana asibiti," in ji Shekwolo. Hausarsa ta kasuwa ce, in ransa ya ɓaci sai ta ƙara karyewa. "Jikana Vivian, kwana huɗu ke nan. Likita ya ce dalma ne a cikin jininsa. Yara uku a layinmu, duka ciwo ɗaya." Ya zaro takarda daga aljihu ya kaɗa ta. "Ɗana Caleb ya karanta mini wannan. Sun ce ruwan Tungan Ɗanladi mai kyau ne, ba mu cikin masu samun burtsatse. Yau ƙarfe sha ɗaya za su rufe suna. To, ga ruwa mai kyau. Sha, mai unguwa."

Garba ya san takardar. Irinta tana aljihunsa kwana uku. Ranar da malamin firamare ya karanta masa ita har wani daɗi ya ji, wai ruwan unguwarsa ya ci jarrabawa.

"Dorothy ya ce malamar nan mai gwajin ruwa ba ta sauko kwari ba," in ji Shekwolo. Dorothy matarsa ce, kuma rijiyar kwari a bayan dangarta take. "Ranar yana zaune wurin tun safe har yamma. Bai ga kowa ba. To wane ruwa suka gwada?"



Rijiya biyu ce a Tungan Ɗanladi. Ta tudu tana cikin gidan Garba. Mahaifinsa Ɗanladi ne ya haƙa ta da kuɗin sallamarsa daga aikin reluwe, ruwanta garau, gidajen tudu ke ɗiba. Ta kwari tana gefen rafi, ƙasa da inda masu neman zinare suka fara wanke dutse shekara biyu da suka wuce. Mutanen kwari ita suke sha. Ba wanda ya taɓa hana su hawowa tudu, ba kuma wanda ya taɓa ce musu su hawo.

Farkon damina wata ƙungiya mai haƙa burtsatse ta turo ɗalibar jami'a, Malama Halimatu, ta ɗebi ruwan ƙauyuka a gwada, inda ya fi muni a fara haƙawa. Ta iso bayan azahar, an sha ruwan sama, hanyar kwari ta zama kunu. Ta cika kwalba ɗaya a gidansa. Ta ce saura ta kwari. Direba yana ta danna ham, wai saura ƙauye uku. Garba ya dubi fararen takalmanta ya ce baƙuwa ba ta shiga taɓo a unguwarsa, ta kawo kwalbar. Ya kama hanya da kansa. Da ya kai rabi ya tsaya. Ya tuna launin ruwan. Ya ga kwalbar a kan teburin manya a Minna, an rubuta sunan ubansa a jikinta, ana nunawa ana yamutsa fuska. Tun yana yaro ya san abu ɗaya: ba a miƙa wa baƙo ruwan da ba a tace ba, ba a kuma nuna masa bayan ɗaki. Ya zagaya ta bayan gida, ya jefa guga a rijiyarsa, ya cika kwalba ta biyu. Ta yi godiya har da rusunawa.

"Kai nake tambaya, Garba."

Shekwolo bai taɓa kiran sunansa gatsal ba tun da aka naɗa shi. Garba ya miƙe, ya ɗauki rawaninsa daga ƙusa.

"Ɗauko robarka. Mu je."

"Ina?"

"Inda za a rufe sunan."

Sun sami keke mai ƙafa uku a bakin titin Tagwai tara ta wuce. Suka zauna a baya, robar a tsakaninsu, kowa na kallon gefensa. A Chanchaga wata tirela ta kafe a tsakiyar hanya, motoci suka yi cirko-cirko, 'yan acaba na kutsawa ta gefen kwata. Mai keken ya kashe inji ya fara sakace.

"Yaro, ba wata hanya?"

"Baba, sai dai sama. Kuma keken nan ba shi da fiffike."

Shekwolo ya dubi agogon wayarsa, ya nuna wa Garba. Goma da kwata. Garba ya sauka. Shekara saba'in da biyu, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya bi gefen titi da ƙafa har suka wuce tirelar, suka hau wani keken. Gumi ya jiƙa masa gindin rawani.

Ofishin ƙungiyar bene ne mai hawa ɗaya. A baranda an jera benci, masu rakiya na zaune. Ta taga Garba ya hango masu unguwanni wajen ashirin a kan kujerun roba, fanka na juyawa a kansu. Ya san fiye da rabinsu. Wasu tare aka naɗa su.

Halimatu ta fito daga wani ɗaki rungume da fayil. Tana ganinsa ta washe baki.

"Baba! Sannu da zuwa. Ya mutanen gida? Ai ku kam kun huta, ruwanku ya fi na kowa."

"'Yata, zo nan."

Ya ja ta ƙarshen barandar, bayan tankin ruwa. Bai yi kwana-kwana ba. Cikin magana huɗu ya gaya mata abin da ya yi. Murmushin ya bar fuskarta a hankali. Ta dubi Shekwolo da ke tsaye nesa kaɗan, ta dubi robar da ke hannunsa, ta jingina da bango.

"Innalillahi. Baba, me ya sa?"

"Na yi. Me ya sa ba zai gyara ba."

"Baba, ba ka gane ba." Ta rage murya. "Na sa hannu a kan cewa kowace kwalba ni na ɗiba da hannuna. Ƙauye ashirin da biyu. In aka ce ɗaya ba haka ba ne, duka za a zubar. Shekara biyu ina wannan aikin. Wata mai zuwa zan kare shi a gaban malamaina." Ta matso kusa da shi. "Ka ji, Baba. Ka bari a gama taron nan. Ranar Asabar zan zo da kaina, da kuɗin motata, in ɗiba in gwada. In sa ku a sahun gaba na zagaye na biyu. Ba wanda zai ji. Ba ni, ba kai."

"Yaushe ne zagaye na biyun?"

"Baɗi. In an samu kuɗi."

Garba ya ji maganar ta kwanta masa kamar ruwan sanyi a maƙogwaro. Ba wanda zai ji. Zai shiga ya zauna cikin 'yan uwansa, ya fito da rawaninsa yadda ya shiga da shi. Yarinyar ma ta tsira. Ai rufin asiri ma ibada ne. Ya buɗe baki zai ce to.

"Me yake cewa?" Shekwolo ya matso. "Baɗi? Na ji baɗi."

"Ka jira a nan," in ji Garba.

"Ni kullum a nan nake jira."

Wani ma'aikaci ya leƙo ya ce a shigo, za a fara. Halimatu ta kama hannun rigar Garba.

"Baba, don Allah."

Ya zare rigarsa a hankali ya shiga. Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba, don shi kansa bai sani ba.

Injiniya Muttaka ne shugaban aikin, gajere mai tabarau, mai magana da sauri kamar ana binsa. Ya yi bayanin cewa kuɗin bana na burtsatse goma sha biyu ne, ba ƙari. Ba a bi sanayya ba, ba a bi siyasa ba, awo aka bi. Ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka kira ƙauyensa sai ya ce alhamdu lillahi, na kusa da shi su ba shi hannu. Na sha biyu ƙauyen mai unguwa Kudu ne, wani dogon Banufe da ke zaune gaban Garba. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kafin mu sa hannu," in ji Injiniya, "akwai abin koyi. Ƙauye ɗaya ne tak rijiyoyinsa biyu suka fito tsaf, ga shi kuma kusa da masu wankin zinare. Wannan shugabanci ne. Tungan Ɗanladi. Mai unguwa Garba, tashi jama'a su gan ka."

Garba ya tashi. Aka tafa. Wani daga baya ya ce, "Gadon gida!" Aka gama tafin, ya rage shi kaɗai a tsaye. Ta taga yana ganin ƙeyar Shekwolo a kan benci, da robar a cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu kamar yadda ake riƙe jariri.

"Kana iya zama, Baba."

"Yallaɓai, rijiya ɗaya kuka gwada."

"Na'am?"

"Kwalba biyun duk daga gidana ne. Ni na cika ta biyun. Ruwan kwari ba ku gan shi ba. Yana waje, in kuna son gani. Yaranmu uku na asibiti."

Sai wani ya yi dariya, ta gajarta, ya mayar da ita tari. Injiniya ya cire tabarau.

"Baba, ka san abin da kake faɗa? Wannan takarda an sa mata hannu. An kai ta wurin masu ba da kuɗi. Mu ba da labari muke aiki ba. Kowa ya ga sunansa bai fito ba sai ya tashi ya ce kwalbarsa ce aka musanya?"

"Ni ban ce an musanya ba. Na ce ni na yi."

"Don me?"

Garba ya ji idanun mutum ashirin a bayan wuyansa. "Baƙuwa ce. Na ji kunyar ba ta shi."

Yanzu kam aka yi dariya sosai. "Garba, ai ba sha za ta yi ba!" in ji wani. Wani ya ce, "Ya yi wa likita kwalliya, ya ɓoye ƙurjin." Garba bai waiga ba.

Mai unguwa Kudu bai yi dariya ba. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Dakata. In aka sa shi, wa za a cire? Ni ne na ƙarshe. Mu da muka kai yarinyar nan har bakin ƙazantarmu, muka tsaya tana ɗiba mata na kallonmu, mu za a cire saboda shi ya ji kunya? Mu ba mu da kunyar ne? Matanmu tafiyar awa guda suke yi, Garba. Ka sani."

"Na sani."

"To zauna mana!"

Bai zauna ba.

Injiniya ya juya wurin Halimatu, wadda ke zaune gefen tebur da fayil a gabanta. "Malama, magana ɗaya. Ga sa hannunki. Rijiyar kwari ta Tungan Ɗanladi, ke kika ɗiba ko ba ke ba? In ke ce, an gama, mu sa hannu mu tashi."

"Yallaɓai, yarinya ta nemi zuwa," in ji Garba. "Ni na hana ta."

"Ba kai na tambaya ba, Baba."

Halimatu ta dubi takardar. Ta gyara mayafinta, ta sake gyarawa. Garba ya ga yatsunta suna murza gefen fayil ɗin har ya lanƙwashe. In ta ce ita ce, ya zama tsohon banza mai ƙarya don neman rijiya, kuma ba abin da zai iya. Bai ga laifinta ba in ta faɗa. Ya kawar da ido don kada ta ce ya matsa mata.

"Ban ga rijiyar ba," ta ce. Muryar ba ta fita sosai ba, ta maimaita. "Ban je ba, Injiniya. Shi na ba kwalbar."

Injiniya ya ajiye biro. Ya daɗe yana murza goshi.

"Sauran fa? Ashirin da ɗayan?"

"Da hannuna. Ga su nan zaune, a tambaye su."

"Ta zo," in ji Kudu, kamar ana cire masa haƙori. "Har santsi ya kwashe ta a namu." Wasu suka gyaɗa kai.

Injiniya ya yi shawara ƙasa-ƙasa da mutum biyun da ke gefensa. Sannan ya ce goma sha ɗaya sun tabbata. Gurbi na sha biyu zai tsaya zuwa Juma'a. Gobe za a je Tungan Ɗanladi da wani ma'aikacin daban, a ɗiba a gaban shaidu, a gwada, a kwatanta da na ƙauyen Kudu. Wanda ya fi muni shi ke da rijiya. Maganar Malama kuma tsakaninta da jami'arta ne, dole a rubuta musu.

"Kai kuma, Baba, ba zan buɗe abin da aka rufe da fatar baki ba. Sai ka ba ni a rubuce cewa kai ka yi. Kwafi ɗaya wurin masu ba da kuɗi, ɗaya wurin hakiminku. Ka san abin da hakan ke nufi?"

Ya sani. An tuɓe wasu a kan abin da bai kai wannan ba.

"A rubuta."

Kudu ya tashi ya fita, bai dubi kowa ba. A bakin ƙofa ya ce, "Allah ya isa," bai ce wa wa ba.

Garba bai wuce aji biyu na elemantare ba, sunansa kawai yake iya zanawa, shi ma a karkace. Halimatu aka sa ta rubuta masa. Suka zauna a ƙarshen tebur, ɗakin na watsewa. Ta yi layi biyar, ta turo masa.

"Karanta mini."

Ta karanta. "Ni, Garba Ɗanladi, mai unguwar Tungan Ɗanladi, ina shaida cewa bisa kuskure na cika kwalba ta biyu daga..."

"Tsaya. Wa ya ce kuskure?"

"Baba, zai fi maka sauƙi wurin hakimi."

"Ba kuskure na yi ba. Na san hanyar kwari, a can aka haife ni. Rubuta ina sane. Ki kuma rubuta kin nemi zuwa na hana ki, ai haka aka yi."

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Ta ja sabuwar takarda. Da ta gama ta sake karantawa, ya saurara kalma bayan kalma, ya ce haka ne. Aka kawo tawada ya dangwala babban yatsa, ya danna sosai.

"Za su kore ki?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila su ƙara mini shekara."

"Ki yi haƙuri."

Bai tuna rabonsa da faɗa wa ƙaramin mutum wannan kalmar ba. Ta fito masa da kaushi, kamar tsawa.

A baranda Shekwolo na nan inda aka bar shi. Ya ji komai ta taga. Bai tashi ba, bai yi godiya ba, Garba kuma bai sa ran zai yi ba.

"Juma'a," in ji Shekwolo. "Kuma watakila ba mu ba ne."

"Watakila."

"Ko mu ne, haƙawa sai bayan ruwa ya ɗauke. Wata biyu, wata uku." Ya ɗaga robar. "Daga yau zuwa ranar, yara za su sha me?"

Garba ya tsaya yana goge yatsansa da gefen riga, tawadar ta ƙi fita. Rijiyar gidansa gida goma sha huɗu take ɗauka, kuma da bazara sai an jira ta taru. Kwari gida talatin ne. Hanyar rijiyar ɗaya ce, ta cikin zaurensa, ta tsakar gidan da matansa ke girki. Ya san abin da liman zai ce. Ya san abin da uwargida za ta ce, da abin da ƙannensa za su ce kan rijiyar ubansu.

"Ka gaya wa Dorothy ta tara matan. Bayan la'asar su hawo da bokitai."

Shekwolo ya kafa masa ido. "Gidanka?"

"Kana da wata rijiyar ne?"

"Ba zai isa ba, mai unguwa."

"Bokiti biyu kowane gida. Har da nawa."

Shekwolo ya miƙe a hankali, gwiwarsa ta yi ƙara. Suka sauka daga benen, Garba na gaba. A bakin titi ya ɗaga wa mai keke hannu.

"Ina muka nufa, Baba?"

"Asibiti tukuna," in ji Garba. Ya juya wurin Shekwolo. "Wane ɗaki aka kwantar da ita?"